TARO DABAN, ƘUNGIYA DABAN

Jawabi ga ƴan kwamitocin unguwanni da na ƙauyuka

Dattawa da malamai, iyayenmu mata, ƴan'uwa samari da ƴammata, muna roƙonku haƙuri, domin maganar yau ba ta kirari ba ce, ba kuwa ta zagin abokin hamayya ba. Magana ce a kan mu kanmu, watau a kan abin da ke haɗa mutane su zama ƙungiya, da abin da ke raba su bayan sun haɗu.

Ga tambayar da za mu sa gabanmu. Ran 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasar Nijar, mai kujera 60. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda aka fi sani da suna Sawaba, ta ci kujera 41, PPN ta Jori Hamani ta ci 19. Bayan wata 18, ran 28 ga Satumba 1958, Janar Degol ya sa aka yi ƙuri'a a ƙasashen da Faransa ke mulki: ƙasar da ta ce I, ta zauna cikin tarayya da Faransa, wadda ta ce A'a kuwa ta karɓi ƴancin kanta nan take. Sawaba ta ce A'a. Da aka ƙidaya, aka ce masu I 372,383, masu A'a 102,395. Waɗanda suka zauna gida ba su jefa kome ba sun fi waɗannan duka biyu yawa, gama cikin mutum 100 da ke rubuce a rajista, wajen 37 ne suka fito. Gine ta Seku Ture ta ce A'a, ta sami ƴancinta ran 2 ga Oktoba na shekarar nan. Nijar sai ran 3 ga Agusta 1960.

Ina mutanen 1957 suka shiga? Kowa ya san rabin amsar. Faransa ba ta yi niyyar sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya yana ci a arewacinmu, ga Nijeriya a kudu. Ana saura makonni kaɗan aka turo sabon gwamna, Kolombani, aka yi razana, aka yi matsi, hukuma da kanta ta shiga neman I. Wannan gaskiya ne, ba mu kuwa rage masa kome ba. Amma rabin nan ba a hannunmu yake ba, gama mai ƙarfi kullum sai ya gwada ƙarfinsa. Ɗaya rabin shi ne namu: yaya ake gina ƙungiya wadda in an girgiza ta ba ta zubewa? Akwai masana da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan tambaya, ilmi ne sosai, ana ce da shi ilmin zaman jama'a. Za mu ɗebo muku abu biyar daga cikinsa, mu auna su da abin da muka sani a gida.

NA FARKO: YAWA BA SHI NE ƘARFI BA

Ku dubi kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ranar cinta. Mutane dubbai, kafaɗa na gugar kafaɗa. Hadari ya taso, kafin a jima ba kowa, ko wane ya naɗe tabarmarsa ya kama gabansa, ba mai tambayar ina wane. Wannan shi ne taro. To, ku dubi mata goma masu adashe. Ba su da tuta, ba su da lasifika, amma ko wace ta san sauran tara da sunansu da ƙofar gidansu, sun san ranar zubi, sun san wadda za ta kwasa, akwai uwar adashe mai riƙon amana, in kuma ɗaya ba ta kawo nata ba, kafin magariba an aika yarinya gidanta. Wannan ita ce ƙungiya. Alamominta huɗu ne: sanin juna, da nufi guda, da ka'ida wadda kowa ya yarda da ita, da rabon aiki. Wanda ke son ya san ko cikin ƙungiya yake ko cikin taro, sai ya tambayi kansa: ran da ban zo ba, wa zai lura?

Yawa yana da daɗin gani, amma yana da wata cuta. Wani Bafaranshe masanin aikin gona, sunansa Ringelman, ya auna ƙarfin samari wajen jan kaya, ya buga abin da ya samu a 1913. In an ce ƙarfin mutum shi kaɗai 100 ne, da aka haɗa biyu sai ko wane ya ba da 93, da aka haɗa uku 85, da suka kai takwas sai 49, watau bai kai rabi ba. Wani sashe na asarar nan daga rashin ja lokaci ɗaya ne, amma masu binciken da suka zo daga baya sun nuna wani sashen daga zuciya yake: ko wane ya san ba a iya gane nasa cikin na jama'a, sai ya sassauta. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Kakanninmu ba su karanta Ringelman ba, amma sun san maganin cutar. A gayya ba a cewa, jama'a ku nome gonar nan. Ana jera manoma, kowa da kunyarsa, makaɗi na kiran ko wane da sunansa da na ubansa, ƴammata masu kawo fura na kallo. Wanda ya bar kunyarsa baya ya sha kunya. Shi ya sa gayya ke gamawa cikin wuni ɗaya abin da mai gona zai yi kwanaki yana fama da shi. Aikin ƙungiya ma haka yake. In an ce kwamiti ya yi, ba mai yi. In an ce, wane, gida goma na bayan masallaci naka ne, ranar Juma'a za ka gaya mana abin da suka ce, to, an ba shi kunyarsa.

NA BIYU: ABIN DA KE HAƊA JAMA'A BIYU

A 1954 wani masani haifaffen Turkiyya, Muzafar Sharif, shi da abokan aikinsa, suka kai yara maza 22, masu shekara 11 zuwa 12, wani sansani cikin daji a jihar Oklahoma ta Amurka. Aka raba su kashi biyu, ko wane kashi ya yi mako guda shi kaɗai, har ya sa wa kansa suna, ya yi tuta, ya sami jagora. Sa'an nan aka haɗa su gasa, da jan igiya da wasan ƙwallo, aka ce lada ta wanda ya ci ce kaɗai. Cikin kwanaki kaɗan zagi ya tashi, aka ƙone tuta, aka riƙa kai hari ɗakunan kwana da dare. Yara ne ba su taɓa yi wa juna kome ba.

Daga nan aka nemi shirya su. Aka zaunar da su cin abinci wuri ɗaya, sai suka yi ta jifan juna da shi. Aka nuna musu silima tare, kowa ya zauna da nasa. Abin da ya yi magani daban ne. Aka toshe ruwan sansani a ɓoye, ƙishirwa ta kama kowa, suka fita tare neman inda ya lalace. Aka ce babbar motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka ɗaura mata igiyar nan da suka yi gasa da ita, suka ja ta su duka. Ranar komawa gida, su da kansu suka ce a sa su mota ɗaya. Ke nan buki da jawabi ba su haɗa mutane, sai wata bukata wadda ba mai iya biyanta shi kaɗai.

Akwai wani labari da ba a cika faɗi ba sai da aka bincika takardunsa daga baya. A 1953 ya riga ya gwada irin wannan a jihar Niyu Yok, amma can an bar yaran sun yi abota kafin a raba su. Manya suka riƙa ɓata kayan wani kashi a ɓoye don a zargi ɗayan. Yaran suka ce abokanmu ba za su yi mana haka ba, suka fara zargin manyan, har aka dakatar da gwajin. Ku riƙe wannan da kyau. Mai son ya raba ya yi mulki, da wuya ya sami hanya tsakanin mutanen da suka san juna tun da fari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, mu komo gida. Sawaba da ta ci zaɓen 1957 jam'iyyu biyu ne aka haɗa a watan Nuwamba 1956. Ɗaya ita ce UDN, wadda Jibo Bakari ya kafa a 1954, ƙarfinta kuwa ƴan ƙwadago ne, da direbobi, da maɗinka, da ƙananan ƴan kasuwa, da ƙananan ma'aikata. Ɗayar ita ce BNA, ta sarakuna da manyan ƙasa. Haɗin nan a sama aka yi shi, tsakanin shugabanni, abin da ya ɗaure shi kuwa kujeru ne. Talakan da ke kukan lanho da gaisuwar sarki, da sarkin da ke karɓarsu, an sa su ƙarƙashin tuta ɗaya, amma ba su taɓa jan mota ɗaya ba. Da gwamnatin Sawaba ta fara tuɓe waɗansu sarakuna, ga kuma sabon gwamna yana kira, sai da yawa cikin sarakuna da manyan BNA suka koma wajen I, suka tafi da ƙuri'un da suka zo da su.

Ku auna wannan da yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa. Ran 10 ga Oktoba 1947 wajen mutum 20,000 suka ajiye aiki, suna neman a daidaita su da ma'aikata Turawa cikin tsari ɗaya. A layin Dakar zuwa Bamako ba su koma ba sai ran 19 ga Maris 1948, fiye da wata biyar ba albashi. Me ya riƙe su? Mutane ne masu aiki a sito ɗaya da tasha ɗaya, sun san juna, suna taruwa kullum a garin Tiyes a faɗa wa kowa halin da ake ciki da harshen da yake ji, matansu da danginsu na karkara suna ciyar da gida. Kabilunsu daban daban ne, amma yunwar ɗaya ce, bukatar ɗaya ce, suka kuwa sami galibin abin da suka nema.

NA UKU: ABIN DA KE SA MUTUM YA ƘARYATA IDONSA

Mu da ke koyar da yara a lakwal mun san wani abu. In mushe ya ce, kun gane? sai aji duka ya amsa, i mushe, alhali kuwa da yawa ba su gane ba. Ba ƙarya suke son yi ba, ko wane yaro yana tsammani shi kaɗai ne a baya. Manya ma haka suke.

A 1951 wani malamin jami'a a Amurka, Solomon Ash, ya ba da labarin wani gwaji da ya yi. Ya zaunar da samari bakwai ko takwas, ya nuna musu takarda mai zane ɗaya a tsaye, da wata mai zane uku, ya ce ko wane ya faɗi da baki, bi da bi, wanne cikin ukun ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Abu ne a fili, wanda aka tambaya shi kaɗai da ƙyar yake kuskure ɗaya cikin 100. Amma an haɗa baki da dukan samarin ban da guda, shi kuwa aka zaunar da shi kusa da ƙarshe. Na farko ya faɗi amsar da ba ita ba, na biyu ya bi shi, na uku ya bi, har a zo kansa. Wajen sulusin amsoshin da irin mutanen nan suka bayar, bin jama'a suka yi suka bar idonsu. Cikin mutum huɗu, uku sun bi ko da sau ɗaya ne, ɗaya kaɗai bai taɓa bi ba. Ba sanda, ba gardi, ba kaso. Kallo kawai.

Amma ku ji sauran, gama nan ne amfaninmu yake. Da Ash ya sa mutum ɗaya tak cikin ƴan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin jama'a ya faɗi ƙwarai, ya koma wajen rubu'in yadda yake dā. Abokin tsayawa guda ya karya ƙarfin mutum shida. Da aka sa abokin nan ya juya a tsakiyar gwaji ya bi jama'a, sai bin ya komo. Da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a takarda ba mai ji, nan ma bin ya ragu.

Yanzu ku tuna da manomin ƙauye a Satumba 1958. Bara sarkinsa ya ce masa ga jam'iyya, ya bi. Bana sarkin nan ya ce I, mai gari ya ce I, gardi na tsaye. Wanda ya yi masa maganar ƴanci ya zo da mota sau ɗaya, ya yi mitin, ya koma birni. Wataƙila maƙwabcinsa ma A'a ke cikin ransa, amma ba su taɓa faɗa wa juna ba, ko wane yana tsammani shi kaɗai ne. Irin wannan mutum ko ya bi, ko ya zauna gida. Ba mu ce duk wanda ya jefa I tsoro ya sa shi ba, akwai waɗanda suka auna suka ga ƙasar ba ta shirya ba, hujjarsu ke nan. Abin da muke cewa, wanda ke da A'a a zuci ba ya iya fito da ita sai yana da na biyu a garinsu, wanda ya sani da suna. Aikin ƙungiya ke nan na farko: kada ta bar ɗanta shi kaɗai a gaban kallon jama'a.

NA HUƊU: SHUGABA

Wani Bajamushe, Kurt Lewin, wanda ya bar ƙasarsa a 1933 sabo da mulkin Hitila ya koma Amurka, shi ne uban wannan fanni. A 1939 shi da almajiransa biyu suka buga labarin gwajin da suka yi da yara ƴan shekara goma, biyar biyar, masu aikin hannu bayan an tashi lakwal. Aka ba su shugabanni iri uku. Na ɗaya shi ke yanke kome, ya ce yi kaza, ba ya faɗin dalili. Na biyu yana sa a yi shawara, a zaɓi hanya tare, shi ma ya sa hannu. Na uku ya zuba musu ido, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wajen na uku aiki ya fi lalacewa. Wajen na ɗaya an yi aiki da yawa muddin yana tsaye a kansu, amma yaran ko su yi laƙwas ko su riƙa huce haushinsu a kan ɗaya daga cikinsu. Sai aka sa shugaban ya fita daga ɗaki. Yaran mai ba da umurni suka saki aiki. Yaran mai shawara suka ci gaba kamar yana nan.

Wannan ita ce jarrabawar shugaba: me ke faruwa in ya fita daga ɗaki? A siyasa kuwa shugabanni na fita daga ɗaki ba da sonsu ba, ana kama su, ana korarsu, suna mutuwa. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, Jibo Bakari yana gudun hijira, manyanta da yawa suka shiga kaso. Ƙungiyar da duk hankalinta yana cikin kan mutum ɗaya, ran da aka ɗauke shi an ɗauke ta.

Lewin ya yi wani gwajin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Nama ya yi wuya a Amurka, aka so matan gida su riƙa dafa kayan ciki, irin su zuciya da ƙoda, waɗanda mu nan muke rububinsu, su kuwa suna ƙyama. Waɗansu aka yi musu jawabi mai kyau, da hujjoji da hanyar dahuwa. Waɗansu aka zaunar da su suka tattauna tsakaninsu, suka faɗi abin da ke hana su, sa'an nan suka ɗaga hannu a gaban juna. Da aka bi sawu, cikin 100 na masu jin jawabi 3 ne suka dafa, cikin masu tattaunawa 32. Abin da aka gaya wa mutum na mai faɗi ne, abin da ya yanke da bakinsa gaban tsaransa shi ne nasa.

NA BIYAR: ƘUNGIYA MA TANA TSUFA

Wannan ilmi ba na Turawa kaɗai ba ne. Tun 1377 Ibn Haldun, haifaffen Tunis, ya rubuta Muƙaddima, inda ya yi bayanin abin da ya kira asabiyya, watau ɗaurin zumunta da ke sa mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa ran wuya. Ya nuna da ita ake kafa mulki, in an kafa kuma jin daɗi ya cinye ta. Ya ce martabar gida ba ta cika wuce mutum huɗu ba: wanda ya gina ya san wahalar da ya sha, ɗansa ya gani da ido, jikansa labari ya ji yana kwaikwayo, na huɗu kuwa yana tsammani haƙƙinsa ne na jini, sai ya rena waɗanda suka ɗauke shi, su kuma su yar da shi. A 1911 wani Bajamushe, Robert Mikels, ya duba jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, wadda aka kafa don daidaita mutane, ya tarar ƴan kaɗan na biro sun riƙe takardu da kuɗi da jarida, har sun zama sarakunan da ba a tuɓewa.

Mun ga wannan a ƙasarmu. Daga 1959 Nijar ta zama mai jam'iyya ɗaya, a zaɓe ana ba da lissafin da ya kusa 100 bisa 100. Ran 15 ga Afrilu 1974, cikin fari da yunwa, soja ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnati a dare ɗaya, talakawa ba su fito kare ta ba. Kada kuwa wani ya ce cutar ta masu I ce kaɗai. Gine da ta ce A'a, ita ma jam'iyya ɗaya ta zama har rasuwar Seku Ture a 1984, mutane da yawa suka mutu a kurkukun Bwaro, har da Jallo Telli, babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a 1977. Ƙungiyar da ta hana ɗanta ya ce a'a cikin gida, ta mai da kanta ɗakin gwajin Ash: kowa na faɗin abin da na gabansa ya faɗa, shugaba na jin amsa ɗaya yana murna, ba mai gaya masa ɗaki na yoyo sai ran da ya rufta.

Ku dubi samariya ma. Asalinta ta gari ce, da sarkin samari, da gayya, da wasa. Bayan 1974 hukuma ta raya ta daga sama, ta yi ayyuka, amma da mulkin da ya ɗauke ta ya kau, sai ta yi sanyi. Fadar samari kuwa, wadda ta yaɗu a biranenmu tun shekarun 1990, ba wanda ya kafa ta da takarda, tana nan a kan tabarma da butar shayi, domin ƴan cikinta sun san juna, suna zubi, suna zuwa suna da jana'izar juna.

ABIN DA MUKE ROƘON KWAMITOCI

Ɗaya, ko wane kwamiti ya rabu ƙananan rukunai, kada rukuni ya wuce mutum goma ko goma sha biyu. In ya wuce, a raba shi biyu. Sunaye ɗari biyu cikin wayar hannu taro ne, ba ƙungiya ba. Zumunta a ƙafa take.

Biyu, kada a tashi daga zama sai ko wane aiki an rubuta shi da sunan mai yi da ranar da zai kawo labari.

Uku, kada a aiki mutum shi kaɗai, kada kuma a bar ƙauye da ɗan ƙungiya guda. In ɗaya ne, aikinmu na farko a nema masa na biyu.

Huɗu, wajen shawara ƙarami ya fara magana, mata su faɗi tasu, shugaba ya yi ƙarshe. Dattawa, ku gafarce mu, ba reni ba ne: in babba ya riga ya faɗi, kunya ba ta barin yaro ya saɓa, sai a rasa abin da ya gani. Magana mai nauyi kuwa a yanke ta da ƙuri'ar ɓoye. Wanda ya ce bai yarda ba a gode masa, kada a kira shi maci amana. Bayan an yanke, kowa ya ɗauka.

Biyar, ma'aji ya karanta lissafin kuɗi da ƙarfi ko wane wata, dala ba ta ɓace ba. Ko wane muƙami a sa masa wa'adi, ko wane mai muƙami kuma ya koya wa wani aikinsa, don ran da ya fita daga ɗaki.

Shida, in za mu haɗa kai da wata jama'a, a fara da aiki kafin a yi maganar kujera: yasar rijiya, gyaran hanya, rumbun tsimi na gari. Wanda muka ja igiya ɗaya da shi, shi muka san nauyin hannunsa.

Ƴan'uwa, kun ji lissafin 3 da 32. Abin da muka yi yanzu jawabi ne, rabonsa 3 ke nan in an tsaya nan. Sabo da haka kada kowa ya tashi. Ku rabu goma goma, ko wane rukuni ya ɗauki roƙo shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ku faɗi wanda zai yiwu a unguwarku da wanda ba zai yiwu ba, da dalili. Wanda ya ga mun faɗi abin da ba daidai ba, ya faɗa da ƙarfi. Sakataren ko wane rukuni ya rubuta abin da aka yanke da sunan mai yi, ya kawo biro kafin la'asar.

Allah ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.